Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Agaji Na Jihar Kebbi: A Kai Horon Taimakon Gaggawa Fadama Da Bakin Gulbi

Zuwa ga daraktoci da kwamandojin rundunonin agaji na Jama'atu Nasril Islam, da Izala, da Fityanul Islam, da kuma reshen Red Cross na Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne, irin waɗanda ake turawa ɗakin shan magani na ƙauye inda babu likita. Ku na zaɓa in rubuto wa na bar gwamnati, saboda abin da zan roƙa ba ya jiran kasafin kuɗi, kuma jarinsa yana hannunku. Kuna da mutane a kowane gari, masu jin umarni, waɗanda jama'a ta riga ta amince da su. Duk wanda ya je filin Idi, ko wurin wa'azi, ko Maulidi, ko sansanin alhazai, ya ga yadda yaranku ke tsayuwa cikin rana daga safe har yamma ba don albashi ba. Ayar Ma'ida a kan wanda ya raya rai guda kuwa kun fi ni saninta, ba sai na karanto muku ba.

Roƙona shi ne ku fitar da horon taimakon gaggawa daga cikin gari, ku kai shi inda mutanen Kebbi ke jin rauni: fadamun shinkafa na Argungu da Augie da Suru da Bunza, bakin Kwara a Yauri da Ngaski da Bagudo, rugage da burtalai, da hanyoyin dajin ƙasar Zuru. Ba ina nufin ku je ku tsaya gadi ba, don ba za ku iya zama a kowace gona ba. Ku koya wa manomi da masunci da makiyayi da ɗan kabu-kabu abin da zai yi da hannunsa a cikin sa'ar farko.

Mu da ke ɗakin shan magani mu ne hannu na uku ko na huɗu da ke taɓa mai rauni. Kafin ya iso wurinmu ya bi ta hannun abokin aikinsa a gona, da dattijon da aka ce ya san asirin abin, da mai kyamis. Sau da yawa abin da waɗannan hannuwa suka yi, da kyakkyawar niyya, shi ke yanke ko mutum zai tashi ko ba zai tashi ba.

Bari in fara da saran maciji, don shi ya fi ci mini rai. Macijin da ya fi yi wa manoman arewa ɓarna shi ne kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu, launinta na ƙasa, tana laɓewa ƙarƙashin dami ko tarin ciyawa ko dutse. Dafinta yana cinye abin da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa wanda ta sara kan iya komawa gida da ƙafarsa, ya ci tuwo, a ce ai da sauƙi, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga jini a dasashinsa, a fitsarinsa, a tsohon miki da ya kusa warkewa. In ya zubo a cikin kai, shi ke nan. Idan ba a yi allurar kashe dafi ba, cikin mutum goma da dafinta ya shiga jikinsu ana rasa ɗaya ko biyu.

Ga yadda ake kawo mana su. Wani magidanci ne, lokacin yankan shinkafa, an ɗoro shi a babur tsakanin mutum biyu. An ɗaure masa ƙafa ƙasan gwiwa da robar tayar keke, an ja ta har ta nutse cikin nama. An tsattsaga wurin saran da reza wajen guda shida, an manna baƙin dutse, an kuma ɗura masa wani jiƙo da ya sa shi amai a hanya. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi daga inda robar take zuwa yatsu. Tsagar nan kuwa ko wacce tana tsiyaya, ba da ƙarfi ba, amma ba ta tsayawa, zanen da aka naɗe ta da shi ya jiƙe sharkaf. Na ɗibi jininsa na zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, na ajiye minti 20, wanda shi ne gwajin da ake yi ko'ina. Da na karkata kwalbar jinin ya gangaro, ko alamar guda babu. Wansa ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi mun yi mashi duk abin da munka sani." Gaskiya ya faɗa. Abin da suka sani ke nan, kuma babu wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu wani.

Abin da ya kamata su sani bai kai rabin wahalar da suka sha ba. A janye mutum daga wurin macijin, kada a tsaya farautarsa. A kwantar masa da hankali, a hana shi gudu ko doguwar tafiya. A cire zobe, agogo, kambu, guru, duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa wa ƙafar ko hannun kara ko sanda a ɗaure sako-sako don kada ya riƙa motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurin roba, ba dutse, ba jiƙo. In zafi ya dame shi a ba shi farasitamol, amma a guji asfirin da ibuprofen da diclofenac, don suna ƙara zubar jini, kuma kada mai kyamis ya soka masa allura a ɗuwawu, wurin zai tara jini. Wanda kumurci ya tofa wa dafi a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Na san abin da za a ce muku a ƙauye, don ni ma ana gaya mini: ai wane ya sha warkar da mutane da dutse da tofi. Kada ku ƙaryata su, ku yi musu bayani. Ba kowane maciji ke da dafi mai kisa ba, kuma ko mai dafin ba kullum yake zuba shi ba in ya sara. Waɗannan mutanen da ma za su tashi ko an yi magani ko ba a yi ba, sai maganin ya kwashe yabo. Wanda dafin ya shige shi da gaske ya mutu, sai a ce kwana ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ma umarni ne. Wannan bayanin in ya fito daga bakin mai kakin agaji, bayan sallar Juma'a, liman na zaune, zai shiga inda nawa ba ya shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. A ƙasar Nepal an gwada abu mai sauƙi a wasu ƙauyuka: aka wayar da kan jama'a, aka tsara 'yan sa-kai masu babur da za su ruga da wanda aka sara zuwa cibiyar magani. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 10 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi ɗaya. Babura dai muna da su har sun yi yawa. Abin da ya rage shi ne tsari, da sanin inda za a nufa. Babban asibitin masu saran maciji yana Kaltungo a Jihar Gombe, tafiyar da mai zubar jini daga Kamba ba zai iya ba. Don haka ya kamata kwamandan kowace ƙaramar hukuma ya riƙa sanin asibitin da ke da allurar a wannan makon, ya riƙe lambar wani ma'aikaci a can, don kada a yi ta yawo da mutum daga wannan gari zuwa wancan. A kuma ja kunnen 'yan uwa kan sayen kowace kwalba da aka miƙo musu a kasuwa. Akwai allurar da aka haɗa don macizan Indiya, ba ta aiki a kan kububuwarmu.

Sai ruwa. Jiha ce ta gulabe, ga Kwara, ga Gulbin Rima, ga Gulbin Ka, ga tafkuna da kududdufai da damina ke bari. Har yau ba a manta da jirgin da ya kife a kusa da Wara cikin Ngaski a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayuka masu yawan gaske, har da mata da yara. Irin wannan babban hatsari maganarsa ta lodi ce da rigar ruwa da lafiyar jirage, kuma akwai hukumomin da nauyin ke kansu. Amma nutson da ya fi yawa ba ya shiga rediyo. Yaro ne ya je wanka, yarinya ta je wanki santsi ya ɗauke ta, makiyayi ya bi saniya cikin ruwa.

Wajen tsamo mutum babu abin da za mu koya wa Sarkawa da Kabawa. Wanda ya ga wasannin ruwa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ko Rigata a Yauri, ya san ƙwarewar mutanen nan. Matsalar tana farawa ne bayan an fito da shi gaɓa. Sai a ɗaga yaro ta ƙafafu ana girgizawa, ko a kife shi ana danna masa ciki wai ruwa ya fita. In bai motsa ba a lulluɓe shi a fara salati. Ruwan ciki ba shi ke kisa ba, rashin iska ne, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu numfashi. Danna ciki sai dai ya turo amai ya toshe hanyar iska. Abin yi shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau biyar har a ga ƙirji na tasowa. Sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, a hura sau biyu, a koma dannawa, a yi ta yi ana karɓa-karɓa. In ya fara numfashi a juya shi ya kwanta ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a rufe shi, kuma ko ya tashi zaune yana magana sai an kai shi asibiti, don huhu na iya rikicewa daga baya.

Wannan ba a koyonsa da kunne. Sai mutum ya durƙusa ya danna mutum-mutumin koyo har hannunsa ya gaji, ya ji irin zurfin da ake so, wanda a babba ya kai santimita biyar. Kusan duk wanda na ga ya fara gwadawa shafa ƙirjin yake yi, yana tsoron karya haƙarƙari. Ƙananan hukumominmu 21 ne. In kowace ta samu mutum-mutumi ɗaya da zai riƙa zagayawa an yi nisa, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin attajiran da ke saya muku kaki da motoci ba. Yaran gari kuma a koya musu cewa wanda bai ƙware ba kada ya faɗa ruwa ceto, don mai nutso yana riƙe duk abin da ya samu. A miƙa masa gora ko sanda, a jefa igiya, ko jarka da babu komai ciki an rufe bakinta.

A nan akwai maganar da sai ku da malamanku za ku iya warwarewa. Namiji na iya tsayawa yana kallon matar da aka tsamo daga ruwa, ko wadda ke zubar da jini a gefen hanya, yana jin nauyin taɓa ta, balle ya sa bakinsa a nata. Malamai su fito su faɗi hukuncin larura a fili, a kan mumbari, yadda kowa zai ji. Sannan a horar da mata. Su ke bakin rafi da yara, su ke zuwa itace, su ke kusa da murhu in yaro ya faɗa wuta ko tafasasshen ruwa ya zube masa. Makarantun Islamiyya na matan aure suna nan a kusan kowace unguwa. Darasi guda a wata ya isa uwa ta san cewa ƙuna ruwa mai sanyi ake zuba mata na tsawon minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja ba.

Zubar jini kuma kullum muna cikinta: lauje, adda, gatari, bel ɗin injin ban ruwa da ya kama hannun riga, faɗuwar babur, ga kuma harbin bindiga da ya zama ruwan dare a yankunan da ɓarayin daji suka addaba. Maganin farko shi ne a samu tsumma mai tsabta, ko rawani, ko gefen zane, a danna a kan raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kai. In akwai abin da ya soke ya maƙale, kada a zare shi. Mai taimako ya sa hannunsa cikin leda in babu safar hannu. Ƙasa, toka, kashin shanu, fetur, man birki, duk na sha wanke su daga cikin miki, kuma ta nan tsinkau-tsinkau ke shiga, ciwon nan da ke sa haƙora su sarƙe. Amma ku lura da wani abu. Ɗaurin nan da na ce kada a yi wa wanda maciji ya sara, shi ne ke ceton wanda jini ke tsartuwa daga hannunsa ko ƙafarsa ya ƙi tsayawa da dannawa: a ɗaura ƙyalle mai faɗi sama da raunin, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaura don a gaya wa likita. Abu ɗaya, nan ya ceci rai, can ya ruɓar da ƙafa. Saƙon WhatsApp ba zai raba wa mutum waɗannan biyun ba, sai an zauna da shi.

Ku kuma sanar da jama'a cewa tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai bukatar gaggawa. Tsoron "za a riƙe ni" ya sa mutane da yawa sun zagaye mai rauni suna ɗaukar hoto. Lambar 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra su ma a haddace su, ko da yake a wasu ƙauyukanmu sai an hau tudu ake samun sabis.

Tun da noman rani ya bunƙasa, musamman bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, maganin feshi ya shiga kowane gida. Za ka ga matashi goye da tankin feshi yana ɗiga a bayansa, ba takalmi, ba abin rufe hanci, iska na maido masa da feshin a fuska. In ya fara jiri da dalalar yawu da amai, sai a ɗura masa madara ko manja. A fitar da shi daga gonar, a tuɓe kayan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa, kada a sa shi amai da gangan, a tafi da shi tare da kwalbar maganin, don da ita za mu san abin da muke yaƙi da shi. Zafin Afrilu kuma, da kan haura digiri 40, yana kayar da masu aiki a fadama. A kai mutum inuwa, a jiƙa shi ana fifita. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari: ledar fiya wata biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai.

Karaya ba zan tsawaita ba. Mutanenmu ba za su daina zuwa wurin masu ɗori ba, don haka a jawo masu ɗorin cikin horon. Su san cewa in yatsu sun yi sanyi ko baƙi ɗaurin ya matse, in ƙashi ya huda fata aikin asibiti ne, wanda kuma ya faɗo daga giginya ko mangwaro yana kukan baya ko wuya a kan ƙyaure ake ɗaukarsa, ba a naɗe shi a babur.

Ta yaya za a fara? Da ku kanku. A samo ƙwararru su sabunta wa zaɓaɓɓun yaranku horo, daga Red Cross, da kwalejin koyon jinya ta Birnin Kebbi, da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, don kada a yaɗa kuskure cikin kaki, wanda ya fi kuskuren dattijon ƙauye haɗari tunda an fi yarda da shi. Daga nan a bi ta hannun masu gari: uban ƙasa, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa, Arɗo, shugaban 'yan kabu-kabu da na tasha. A Ghana an taɓa koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon gaggawa cikin 'yan sa'o'i, saboda an lura su ke fara isa wurin hatsari. Haka abin yake a nan. A yi darasin ranar kasuwa ko bayan la'asar, da kayan da mutum zai samu a gona: zane, kara, igiya, jarka, leda. Akwatin magani mai kyau ne, amma a ofis yake kwana. A yi da Hausa, a yi da Fulatanci, da Zabarmanci a ƙasar Dandi, da Dakarci a Zuru, da Kambarci da Gunganci a Yauri. Inda Kiristoci suke da yawa a haɗa hannu da matasan majami'u irin su Boys' Brigade. Kuma a riƙa komawa, don abin da hannu bai maimaita ba cikin 'yan watanni yake zubewa.

Na san tsakanin ƙungiyoyinku akwai bambancin fahimta, ban kuma ce ku haɗe ba. Ku dai yarda a kan darasi guda, don kada ɗan agajin wannan masallaci ya ce a ɗaure, na wancan ya ce a kwance.

Asabar ta biyu ta watan Satumba ita ce ranar taimakon gaggawa ta duniya, kuma ta faɗo daidai gab da kaka, lokacin da ake sa hannu cikin dami kuma ambaliya ta koro macizai tudu. In kowane kwamanda ya zaɓi ƙauye uku a ƙaramar hukumarsa ya fara da su kafin a sa lauje, mu ma'aikatan ɗakunan shan magani za mu ba da wuri da tabarmi, mu kuma tsaya tare da yaranku a yi darasin. Ku turo mana su mu tsara rana.

Allah ya ƙara muku ƙarfin gwiwa, ya sa a mizani. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ma'aikacin lafiya daga ƙasar Argungu.